Fatar Tamu Ce, Ina Takalmin?

Duk shekara, da an gama yankan layya, za ka ga 'yan agaji da yaran makarantun allo suna bin gida-gida da baro suna karɓar fatun raguna. Mai layya ba ya sayar da fatar dabbarsa, sadaka yake bayarwa. Kafin la'asar an tara su a ƙofar masallaci, an baɗe cikinsu da gishiri don kada su ruɓe, an jibge ɗaya kan ɗaya, ƙuda na bi. Bayan kwana biyu 'yan fata sun zo sun yi ciniki, an loda a mota sai Kano. Daga nan mafi yawanmu ba mu sake tambayar inda ta nufa.

Ga inda take nufa. Za ta shiga ɗaya daga cikin masana'antun jima na Challawa ko Sharaɗa, a cire gashi, a jeme, a daddale ta. Sannan a ɗaure a kwantena, a gangara da ita Legas, jirgin ruwa ya kai ta Italiya ko Sifen ko ƙasashen Asiya. A can ne za a auna, a yanka, a ɗinka, a sa mata suna. Sai ta dawo mana a matsayin takalmi ko jaka, mu saya da tsada muna yabon aikin Turawa. Aikin da ya fi cin hannaye, wanda ya fi kawo kuɗi, shi ne muke miƙa wa wasu. Mu an bar mu da kiwo da fiɗa da warin majema.

Wannan jarida ta ɗauko zancen fata ne domin babu abin da ya fi ta nuna bambancin da ke tsakanin arzikin da ake karantawa a takarda da arzikin da ake gani a tukunya. A 2014, da aka sake lissafin tattalin arzikin Nijeriya, an ce ya kai dala biliyan 510, ya zarce na kowace ƙasa a Afirka. Bayan shekara takwas, a 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, suna cikin talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli, kuma kashi 65 cikin ɗari na waɗannan mutane a Arewa suke. Jihar da ta fi kowace shiga ciki ita ce Sakkwato, inda abin ya shafi kusan mutum tara cikin goma. Sakkwato ɗin nan da jar akuyarta, 'yar'uwar ta Maraɗi, take ba da fatar da masu sana'ar a duniya suke sakawa a sahun gaba. A ce gari yana da irin wannan dukiya a turke amma yaransa na yawo ba takalmi, ai akwai inda lissafin ya karkace.

Da ba haka abin yake ba. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, mai yawa daga cikinta a ƙasar Hausa aka jeme ta, fatake suka ƙetare Sahara da ita, ta ɗauki sunan tashar da ta bi ta shiga Turai. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana fitar da rinannen tufafi da takalma daga birnin zuwa Tumbuktu da Tarabulus. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne a cikin gidaje ake aikin, iyali na ci daga gare shi. A duba hannayen da fata ɗaya take ratsawa a wancan tsari. Makiyayi ya yi kiwo, mahauci ya feɗe. Mata da yara sun tsinto bagaruwa sun sayar wa majemi. Manomi ya kawo karan dafi an yi jan launi. Baduku ya yanka ya ɗinka sirdi da kube da tabarmar fata da gafaka, dillali ya kai Kasuwar Kurmi, falke ya ɗora wa raƙumi. Kowane ɗaya a cikinsu ya sayi hatsi, ya yi wa iyali ɗinki, ya biya mai gini, duk a cikin gari. Ba mu ce zamanin ba shi da aibu ba, domin akwai gumin bayi a cikin wannan dukiya, kuma ba abin da za a yi kewarsa ba ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne kuɗin yana daɗewa yana zagayawa kafin ya fita.

Wanda ya girma a unguwar Kakuri ta Kaduna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, har unguwar ta zama gari guda. Da masaƙar ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, ba ma'aikata kaɗai suka shiga uku ba. Mai tuwo a bakin ƙofa ta nannaɗe tabarmarta. Mai gidan haya ya rasa ɗan haya. Manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya koma masara. Yau Kantin Kwari cike yake maƙil da atamfa, ana ciniki na biliyoyi, amma kusan duk daga Sin ake shigo da ita, kuma abin da ke tsayawa a Kano shi ne ribar mai shago da ladan ɗan dako.

Maganin da gwamnatocinmu suka fi sabawa da shi shi ne rabon tallafi. A tara matasa a filin wasa, a jera babura da kekunan ɗinki da injinan markaɗe, a ɗauki hoto. Baburan daga Indiya ko Sin, kekunan ma haka, wanda ya samu kwangilar shigo da su shi ne ya fi kowa cin moriyar bikin. Kafin mako ya zagayo wasu daga cikin kayan sun koma kasuwa a rabin kuɗi, domin an ba mutum keke ba a ba shi mai kawo ɗinki ba. Ba mu ga laifin wanda ya sayar ba. Ciki da yunwa ba ya jiran kasuwa ta buɗe.

Magani na biyu shi ne hani. Fatar da ba a gama sarrafawa ba tana cikin jerin kayan da aka hana fitarwa daga Nijeriya, amma hakan bai sa an koma ɗinka takalma a Kano ba. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe na wata shida don a riƙa tatsar mansa a gida. Niyya ce mai kyau. Sai dai farashi ya faɗi nan take, kuma wadda ta fara ji a jikinta ita ce matar ƙauye da ke sammakon tsinto a dajin Neja da Kwara. Idan aka rufe ƙofar fita ba a tanadi mai saye a ciki ba, an ɗauke kuɗi ne daga hannun mai rauni an miƙa wa mai inji. Haka kuma ba mu tare da masu ɗora laifin ƙarancin ƙirgi a kan masu cin ganda. Mahauci zai kai ƙirgi inda aka fi taya shi, kuma talakan da ganda ce namansa bai yi wa kowa laifi ba.

To me ya rage? Ya rage abin da yake hannun gwamnati tun tuni, wato kuɗin da take kashewa wajen saye. A Arewa babu mai sayen kaya da ya kai gwamnatin jiha. Tana sayen kayan makaranta, da takalman jami'an Hisba da na masu kula da hanya da na askarawan tsaron da jihohi irin su Katsina da Zamfara suka kafa, da kujeru, da abincin makarantun kwana da asibitoci. Kowace naira a cikin wannan tana da zaɓi biyu, ko ta bi ta hannun ɗan kwangila ta fice ƙasar waje a mako guda, ko ta sauka wajen dukawan Ƙofar Wambai a Kano ta kwana a hannun mutum goma.

Wannan ba mafarki ba ne. Birnin Preston da ke arewacin Ingila ya shiga matsi bayan wani babban shirin zuba jari da ya dogara a kai ya rushe. Daga 2013 majalisar birnin ta zauna da manyan cibiyoyin gwamnati da ke yankin, suka binciki inda kuɗin sayayyarsu ke tafiya, suka fara rarraba manyan kwangiloli ƙanana-ƙanana yadda 'yan kasuwar gari za su iya shiga takara. Abin da suke kashewa a cikin birnin ya tashi daga fam miliyan 38 zuwa sama da fam miliyan 110 a cikin shekara huɗu. Ba su jira wani attajiri daga nesa ba. Mu ma muna da dokar a rubuce. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu kan umarnin da ya wajabta wa ma'aikatun tarayya kashe aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin sayen wasu kayayyaki a kan na gida, kuma kayan sarki da takalma suna cikin jerin. Badukun Kano da na Sakkwato da na Zariya suna da haƙƙin su tambaya nawa ya iso gare su.

Mun san abin da za a ce. Za a ce takalmin gida ba ya ƙarko, ba ya fita daidai da juna, kuma baduku ba zai iya kawo ƙafa dubu hamsin a wata biyu ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Amma a je a ga yadda yake aikin. Yana zaune a rumfar da ba ta fi ɗaki ɗaya ba, da yara uku, da wuƙa da basilla da gwangwanin gam. Fata mai kyau an riga an yi mata ciniki da dala tun tana masana'anta, shi sai ragowa ko roba. Tafin takalmin daga waje yake zuwa. Wuta ba ta tsayawa, man janareta kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya fi ƙarfinsa. A haka yake fitar da abin da ake saye har Nijar da Chadi da Kamaru. Wanda ya yi wannan da hannu, me zai yi in ya samu inji?

Injin yanka da na matse tafi sun fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba su fi ƙarfin mutum ɗari biyu ba. A nan ne gwamnati za ta sa hannu, ta gina wurin aiki na haɗaka mai tsayayyiyar wuta, wanda ƙungiyar masu sana'ar ce za ta mallaka ta kuma gudanar, kowa ya biya kuɗin sa'o'in da ya yi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, don haka uzurin jiran Abuja ya ƙare. Cibiyar binciken fata da ke Samaru a Zariya tana da malaman da za su koyar da awo da gwajin inganci. Ita kuwa mallakar, a kanta muka fi nacewa. Manoman Anand a jihar Gujarat ta Indiya sun kafa ƙungiyar madara a 1946 don su kuɓuta daga 'yan tsakiya, ita ce ta zama Amul, kuma har yau masu shanun ne ke da ita, ciki har da miliyoyin mata masu saniya ɗaya ko biyu. Mutanenmu da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba takarda ba lauya, ba za a ce ba su san amanar kuɗin haɗaka ba. Abin da ke kashe ƙungiyoyinmu shi ne a naɗa musu shugaba daga gidan gwamnati.

Sai biyan kuɗi. Babban ɗan kwangila zai iya jiran shekara kafin a biya shi. Baduku in an riƙe masa kuɗi wata uku ya karye, yaransa sun watse sun koma acaɓa. Duk jihar da za ta ba ƙananan masu sana'a aiki, ta ba da kafin alƙalami, ta rubuta ranar cikawa, ta kuma cika. Takardar odar gwamnati da aka san ana mutuntawa ita kanta jingina ce da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, za su iya ba da jari a kanta.

Ƙananan hukumomi ma suna da nasu. Darajar fata tun daga mayanka take lalacewa, inda ake fiɗa a ƙasa cikin gaggawa, wuƙa ta huda nan ta tsaga can. Gyaran kwata da ruwa da ƙugiyar rataya da koya wa matasan mahauta fiɗa mai tsabta ba aikin biliyoyi ba ne, kuma yana cikin ainihin aikin da tsarin mulki ya ɗora musu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, jama'a na da damar tambayar shugaban ƙaramar hukuma abin da ya yi wa mayankar garinsu. Kada kuma a manta da mutanen da ke ƙasan kogin Challawa, waɗanda ruwan masana'antun jima ke bi ta gonakinsu da wuraren kamun kifinsu. Ribar da aka samu ta hanyar zuba musu guba, daga aljihunsu aka ciro ta.

Muna kira ga gwamnonin Kano da Sakkwato da Katsina da Kaduna da su fara da abu ɗaya da kowa zai iya ƙirgawa. A kasafin kuɗi mai zuwa, takalman ɗaliban makarantun kwana da na jami'an da jiha ke yi wa kayan sarki a ɗinka su a cikin jihar, da fatar da aka jeme a gida, a raba aikin ga ƙungiyoyin dukawa, har da na matan da ke ɗinkin jaka a cikin gidaje. A ƙarshen shekara kwamishinan kuɗi ya zo gaban majalisar dokoki ya faɗi ƙafa nawa aka saya, a hannun wa, a kan nawa, da ranar da aka biya. Za mu aika wakilanmu Ƙofar Wambai su tambayi dukawa ko lissafin ya yi daidai da abin da ya shiga hannunsu.