A Ajiye Bulala Kan "Goed"

Ya ku 'yan uwa malamai, yaron da ya rubuta "goed" ba daƙiƙi ba ne. Ya ga "play" ta koma "played" a shuɗaɗɗen lokaci, sai ya bi ƙa'ida. Turancin ne ya saɓa wa kansa: "went" ta fito ne daga wani tsohon aikatau, "wend", aka liƙa wa "go". 'Ya'yan Ingila ma kan yi wannan tuntuɓe. A Hausa kuwa, "ya tafi", "zai tafi", aikatau bai sauya ba. Ina laifin ɗalibi? Bulala tsoro kawai take shukawa. Mu yawaita labari da maimaitawa a aji. Yaron da aka daka don ya yi tunani, gobe bakinsa zai kama.