Mun Cika Gari Da Shaguna, Mun Kasa Kafa Lilo Ɗaya

'Yan uwana Hausawa mazauna Kafanchan da Zonkwa da Kachia da sauran garuruwan Kudancin Kaduna,

Yau da mu nake, kuma na san wasu daga cikin iyayenmu ba za su ji daɗin maganar ba, to a gafarce ni, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tambaya ɗaya zan fara da ita. A cikin magidantanmu na garin nan, mutum nawa ne ya taɓa rufe shagonsa na yini guda, ba don rasuwa ko ɗaurin aure ba, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya kai su wani wuri don kawai su yi wasa su yi dariya? Mai karatu, ka ƙirga a unguwarku. Ni na ƙirga a tamu, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muka mayar da wannan rashi abin alfahari. Da ka ce a kai yara wajen wasa sai ka ji an ce yawon banza ne, almubazzaranci ne, ɗabi'ar 'yan boko ce. Amma mutumin da ya faɗi haka, shi ne zai ɗinka wa gidansa anko kala 3 a biki ɗaya, ya yi hayar kujeru da rumfa, ya kira mai kiɗa a yi ta liƙi har dare. Kuɗin da ake watsawa a fili ɗaya na biki ya isa a kai yaran layi guda Kaduna a dawo da su. To wane ne almubazzarin a nan?

Ga masu fakewa da addini kuwa, ina roƙon su koma wurin malamansu su tambaya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallaci ranar idi, Manzon Allah (SAW) ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ta gaji don kanta. Ya zo a Abu Dawud cewa ya yi tseren gudu da ita. Ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umamatu. Wanda ya fi kowa nauyi a kansa ya samu lokacin wannan, sai mai shagon atamfa ne zai ce shi ba shi da lokaci? Musulunci ya hana shashanci, kowa ya sani, amma ban taɓa jin inda ya hana yaro hawa lilo ubansa na tura shi ba.

Ni Allah Ya yi mini gata sau ɗaya, kuma har gobe ina yi wa mahaifina addu'a a kai. Da ƙaramar Sallah ta 2010, kwana 2 bayan idi, Baba ya sa kwaɗo a shago ya ce mu shirya. Da asuba muka shiga mota ta hanyar Kachia, Inna ta cika kula da dambu, ta ɗura zoɓo a jarka. Wajen hantsi muka isa Kaduna, muka wuce Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawar nan da aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, a bakin Kogin Kaduna. Kayan wasan irin na da ne, lilo na sarƙa da abin zamiya da abin hawa mai zagayawa, ba wani abin a-zo-a-gani ga ɗan birni, amma mu a ranar ji muka yi duniya ce aka ba mu. A nan Baba ya nuna mana tsohuwar gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ciro ta a kawo Kaduna. Na riga na taka gadar da ƙafata kafin in ji sunan Lugga a aji, shi ya sa darasin bai taɓa fita kaina ba.

Amma abin da ya sa na kawo labarin shi ne wani abu da ya faru a layin hawa lilo. Ƙanwata ta tsaya bayan wata yarinya sa'arta, suka fara hira, ashe iyayen yarinyar mutanen Kagoro ne, kilomita kaɗan tsakaninmu da su a gida. Kafin la'asar tabarma ɗaya muke zaune, uwarta ta ci dambun Inna, Baba da mahaifinta suna ta maganar farashin citta. Dubi wannan abu, mai karatu: sai da muka yi tafiyar awa 3 zuwa Kaduna sannan muka zauna da maƙwabcinmu. Watanni 7 bayan haka aka yi zaɓen Afrilun 2011, abin da ya faru ya faru, ba mu sake fita irin wannan ba.

Yanzu bari in zo kan babbar hujjar da ake kawowa, wadda ita ce ainihin ciwon. Na taɓa yi wa wani ƙanen mahaifina maganar mu haɗa kuɗi a yi wa yara filin wasa, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin baƙo ya dasa rimi a gidan aro?" Na ce, "Baffa, Allah Ya ƙara girma, a ina aka binne Kaka?" Ya ce a nan. Na ce, "Kai a ina aka haife ka?" Ya ce a nan. To wane gidan aro kuma?

Mu duba tarihi. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratso Kafanchan ya haɗe da Kaduna tun wajen 1927, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos saboda kuza, garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa. Wannan ne ya jawo kakannin da yawanmu, ya jawo Ibo da Yarbawa, suka tarar da Fantswam da Kaninkon da Bajju da sauran masu ƙasa. Masarautar Jama'a kuwa ta girmi layin dogon nesa ba kusa ba, a shekarun 1930 ne aka dawo da fadarta cikin Kafanchan. Ke nan kusan shekara 100 muna shan ruwan garin nan, wasunmu ma fiye. Idan wani ya kira mu baƙi mukan fusata, har mu rubuta takardun koke, kuma muna da gaskiyar fusata. Amma mu da kanmu zaman baƙi muke yi. Riba ta samu a tura Kano ko Zariya ko Katsina a sayi fili, hutu ya zo a kwashi yara a ce za a je gida, alhali a can ɗin 'yan Kafanchan ake ce musu. Yaro ya tashi nan an ce masa baƙo, can an ce masa baƙo, kuma ba shi da ko bishiya ɗaya da zai ce a ƙarƙashinta ya yi ƙuruciya. Mutum ba ya ƙaunar garin da bai yi wasa a cikinsa ba, wanda kuma ba ya ƙaunar gari, ba wuya a miƙa masa ashana.

Abin takaici, Allah bai rage mu da wuraren zuwa ba. Ga ruwan Matsirga a bayan gari yana zubowa daga kan dutse, mutane na tasowa daga Abuja da Legas su ɗauki hoto, ɗan da aka haifa a nan bai taɓa ganinsa ba. Ga duwatsun Kagoro da muke hange kullum daga ƙofar shago. Ga bikin Afan da ake yi a Kagoro duk ranar 1 ga Janairu. Ga ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, kayan da suka haura shekara 2,000, waɗanda Bature Bernard Fagg ya yi nazarinsu duniya ta san sunan yankinmu. Ɗaya daga cikin kawunan da suka fi shahara ma sunan Jama'a yake ɗauke da shi. Ga Jos kusa da mu, da gidan tarihinta da aka buɗe a 1952 da gandun namun dajinta. Yaranmu suna haddace Nok don cin jarrabawa, ba su san motar haya za ta kai su can ta dawo da su a yini ɗaya ba.

Na san abin da za a ce: tsaro. Wannan ba zan raina shi ba, don ni ma na kwana ina jin ƙarar bindiga ina yaro. An yi rikicin Maris 1987 da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta nan Kafanchan ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. An yi na Zangon Kataf a 1992, an yi na 1999 kan naɗin sarki. A 2011 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 a jihohin Arewa 12 cikin kwana 3, mafi yawansu a wannan yanki namu, kuma Zonkwa da Matsirga da Kafanchan suna cikin wuraren da abin ya fi muni. Kasuwarmu ta ƙone. Akwai gidajen da sunan Matsirga kaɗai ya isa ya sa su hawaye, kamar yadda akwai gidajen Kiristoci da ke da nasu sunayen garuruwan da ba sa son ji. Wanda aka kashe wa nasa ba zan ce masa ya ɗauki tabarma ya je shaƙatawa can ba, ba ni da wannan bakin. Kuma ba na cewa kowa ya kwashi iyalinsa ya shiga hanyar da ake sace mutane.

Amma mu tambayi kanmu, shekarun da muka yi muna kulle yara a unguwa, me suka haifar? Sun haifar da samarin da ba su da aboki ko ɗaya a ɗaya ɓangaren gari, waɗanda duk abin da suka sani game da Bajju ko Kagoro daga bakin majalisa suka ji shi ko daga WhatsApp. Can ma haka nasu suke game da mu. Iyayenmu da suka yi makaranta tare da su, suka buga ƙwallo tare, su ne ke iya ɗaga waya a kira juna idan jita-jita ta tashi. Idan wannan tsara ta ƙare, wa zai kira wa? A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5 sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a nan Kafanchan, kafin shekarar ta ƙare an sake sa dokar hana fita. Manya sun sa hannu a takarda, yara ba su san juna ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu za su ce ai aikin gwamnati ne. Na ji, haƙƙinmu ne a kanta, mu ci gaba da nema. Amma yaushe muka taɓa jiran gwamnati kafin mu gina masallaci ko Islamiyya? Yaushe muka jira ta kafin mu sake tayar da rumfunanmu bayan gobara? Abin da muka ɗauka da muhimmanci muna yinsa da hannunmu. A Ingila akwai garin Blackpool, wajen wasansa na bakin teku tun 1896 yake, kuma leburorin masaƙu ne suka raya shi, waɗanda ke tara kwabo-kwabo duk shekara don su hau jirgin ƙasa su kai iyalansu hutun mako ɗaya. Talakawa ne irinmu, sun dai yarda cewa dariyar 'ya'yansu ta cancanci asusu.

Na san kasuwa ba daɗi, cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta taɓa aljihun kowa a yankin nan, manomi da dillali. Duk da haka mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce shaguna 200 kacal suka yarda kowanne ya riƙa ajiye Naira 500 duk Juma'a, Naira 100,000 ke nan a mako, sama da Naira miliyan 5 a shekara. Muna da masu walda da za su ƙera lilo da abin zamiya da ƙarfe mai ƙwari, muna da direbobin tifa da za su kawo yashi, muna da dattawan da za su iya zuwa fada da sakatariyar ƙaramar hukuma neman fili. Sharaɗina ɗaya ne: kada a kafa shi a tsakiyar unguwarmu a zagaye da katanga. A nemi wuri a kan iyaka inda uwa daga kowane ɓangare za ta iya kawo ɗanta ba tare da fargaba ba, a sa dattawan Fantswam da na coci a cikin kwamitin tun ranar farko, kada a tambayi sunan yaro a bakin ƙofa. Idan muka yi shi mu kaɗai don mu kaɗai, mun ƙara gina wata katangar ne kawai.

Kafin wannan ya tabbata, akwai abin da kowane magidanci zai iya. Sallah mai zuwa, bayan an gama gaishe-gaishe, a ware yini ɗaya. A tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, a fita da sassafe a dawo kafin magariba, a haɗu gida 2 ko 3 a ɗauki mota ɗaya don kuɗin ya yi sauƙi. A tafi da iyaye mata, don su ma mutane ne, da yawansu daga ɗakin girki sai asibiti sai gidan biki. A tafi da 'yan mata, kada a ce maza kaɗai. Cinikin yini ɗaya da ka rasa za ka mayar da shi cikin mako, amma shekarun da ɗanka zai ji daɗin ka tura shi a lilo ba su da yawa, kuma idan suka wuce sun wuce ke nan.

Iyayena da yayyena, idan na yi kaushin harshe a yi mini afuwa, ciwon gida ne ya sa. Wanda ke ganin ba haka ba ne, ƙofa a buɗe take, ya kawo tasa hujjar mu ji. Wanda kuma ya yarda, to zumunta a ƙafa take, mu haɗu bayan sallar Juma'a mu buɗe littafin asusun.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya raya mana zuri'a. Wassalam.