Hutu a Tsibiran Maldif da Nutso Cikin Teku: Me Shari'a Ta Ce?



Wani Alhaji ɗan kasuwa, mai yawan zuwa Dubai sarin kaya, ya aiko mana da tambaya. Ya ce abokansa suna kwaɗaitar da shi ya wuce tsibiran Maldif hutun mako guda, tafiyar kamar awa 4 daga Dubai a jirgin sama, har ma ya koyi nutso ƙarƙashin teku da tukunyar iska. Shin wannan ya halatta?

Amsa a taƙaice ita ce, asalin tafiya da nutso halal ne. Amma akwai amana uku da matafiyi zai tsare: addininsa, da ransa, da shi kansa tekun.

Da fari dai a san ƙasar. Maldif tsibirai ne kusan 1,200 a Tekun Indiya, waɗanda mutane ke zaune a cikinsu wajen 200 ne. Sarkinsu ya musulunta a shekarar 1153. Ibn Baɗuɗa ya sauka can a 1343, har ya yi musu alƙalanci bisa mazhabar Imamu Malik, ko da yake a yau Shafi'iyya suke bi. Kuma da yawa daga cikin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda har gobe muke kiran dukiya da sunansa, watau kuɗi, daga waɗannan tsibirai aka kwaso shi.

To, sai amanar addini. Tun da aka buɗe masaukin 'yan yawon buɗe ido na farko a 1972, tsarinsu shi ne a keɓe wa masauki tsibiri guda sukutum, nesa da jama'ar gari. A irin waɗannan tsibirai aka yarda a sayar da giya da naman alade, kuma baƙi suna yawo kusan tsirara a bakin ruwa. Saboda haka kada sunan ƙasar Musulmi ya ruɗe ka, ya Alhaji. Daga shekarar 2009 an yarda a buɗe gidajen baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Mafushi, inda ba a sayar da giya, ana jin kiran salla, ga masallacin Juma'a. Wanda zai tafi da iyalinsa, nan ya fi masa, kuma ya fi araha. Wanda kuwa ya san ba zai iya runtse idonsa ba, zama gida ya fiye masa, domin duk abin da zai kai mutum ga haram, shi ma ya zama haram.

Game da salla, matafiyi yana kasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, amma a mazhabarmu niyyar zaman kwana 4 cikakku tana yanke kasaru. Ke nan mai hutun mako guda zai cika sallarsa da zarar ya sauka. Haɗa salla biyu saboda tafiya kuwa, a mashhurin mazhaba rangwame ne ga matafiyin tudu, ban da na teku. Don haka a tambayi masu jirgin ruwa lokacin fita da na dawowa, kada Azahar ta tsere ana kallon kifi. Alƙibla a can tana arewa maso yamma, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Ruwan teku mai tsarkakewa ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya tabbata a hadisin da Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, a tudu ko a ruwa. Rigar nutso kuwa matsattsiya ce, sai a ɗora wando mai yalwa a kanta. Mai azumin farilla ya dakata sai bayan Ramadan, gama idan ruwa ya wuce maƙogwaro, ko ba da gangan ba, sai an rama.

Amana ta biyu ita ce rai. Shiga ruwan iri biyu ne. Akwai iyo a saman ruwa da tabarau da ɗan bututun numfashi, wannan haɗarinsa kaɗan ne ga wanda ya iya iyo kuma ya sa rigar hana nutsewa. Akwai kuma nutso da tukunyar iska a baya, wanda ba a yinsa sai da koyo. Duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Sai wani sashe na iskar da yake shaƙa, wanda ake kira naitirojin, ya narke cikin jininsa. In ya taso da gaggawa, sai ya yi kumfa a jiki kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, ya jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. In kuma ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar tana iya kumbura ta yaga huhu. Shi ya sa ake tsayar da sabon shiga a mita 18, ba a nutso mutum shi kaɗai, kuma ake jira awa 18 zuwa 24 kafin hawa jirgin sama. Bin waɗannan ƙa'idodi wajibi ne a shari'a, domin Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Mai ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya yi tawakkali.

Amana ta uku ita ce tekun. Murjanin nan da aka ambata cikin Suratur Rahman, wanda baƙi ke zuwa kallo, halitta ce mai rai, mai jinkirin girma, kuma shi ne katangar da ke kare waɗannan tsibirai daga igiyar ruwa, gama tsayin ƙasar bisa teku bai wuce kamar mita ɗaya da rabi ba a matsakaici. Ɗumamar ruwa ta kashe mai yawa daga cikinsa a 1998 da 2016. Wanda ya taka shi, ko ya ɓalle shi don tsaraba, ya shiga cikin ɓarnar tudu da teku da Suratur Rum ta yi gargaɗi a kanta.

Daga ƙarshe, ya Alhaji, kafin ka sayi tikiti ka duba littafinka. In akwai zakkar da ba ka fitar ba, ko bashin da wa'adinsa ya cika, ko Hajjin farilla da ba ka sauke ba alhali kana da iko, to, su ne a gaba. In ka sauke waɗannan, tafi abinka, ka dubi ikon Allah a ƙarƙashin ruwa, ka yi tasbihi, ka komo da imanin da ya fi wanda ka tafi da shi.

Allah shi ne Masani. Allah ya sa mu dace, amin.