Baiko Kaɗai Bai Isa Ba

'Yan'uwa, a shekarar 1914 wani shugaban banki mai suna Frederick Goff ya kafa gidauniyar al'umma ta farko a birnin Cleveland na Amurka. Mutanen gari suka tara kuɗi, ba a taɓa uwar kuɗin, ribar ce kwamitin 'yan gari yake rabawa don ayyukan taimako. Yau fiye da shekara 100 ke nan, gidauniyar tana nan tana aiki.

Mu ma muna da asusun raya gari, kuma ba mu da rowa. Ranar ƙaddamarwa kowa yakan yi alkawari a gaban jama'a. Amma in aka ce wa zai zauna a kwamiti ba albashi, ya bi littafin kuɗi, ya hana ɗan'uwansa abin da ba hakkinsa ba, sai duk mu sunkuyar da kai. Daga baya mu ce an cinye kuɗinmu. To, wa ya bar kujerar?

Malamai, ma'aikatan jinya, 'yan fansho da matan zumunta, mu karɓi kujerun nan, mu sa a karanta lissafi a fili kowace shekara. Ba da lokaci ma baiko ne.