A TAMBAYI MUTANEN UNGUWA KAFIN A JA LAYI A MUBI

Garin Mubi yana faɗaɗa ta kowace kusurwa, ko ta wajen Digil, ko ta hanyar Maiha, ko ta hanyar Sahuda mai zuwa bakin iyakar Kamaru. Inda ake noma dawa da gyaɗa shekarun baya, yau tubali ne da kwano. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne, domin gari ba ya cika sai da arziki. Abin dubawa shi ne, wa yake yanke shawarar inda titi zai bi a sababbin unguwannin nan, da inda za a bar wa ruwa hanya, da inda yara za su yi wasa?

Yadda abin yake tafiya sananne ne. Mai gona ko magadansa su ga kuɗin fili ya tashi, sai su kira mai awo ya yanka gonar fuloti-fuloti, yawanci ƙafa 50 da ƙafa 100. Kowane taku da aka bar wa hanya, a wurin mai gona asara ce, saboda haka sai a matse layin har ya zama keke Napep biyu ba za su gifta juna ba. Mai gonar da ke maƙwabtaka shi ma ya yanka tasa ba tare da ya dubi inda layin ɗan'uwansa ya ɓullo ba, sai hanya ta je ta ci karo da katangar wani ta tsaya. Ba a ware wurin makaranta ba, ba wurin asibitin sha-ka-tafi, ba maƙabarta, balle dandali. Ranar da gobara ta tashi, motar 'yan kwana-kwana sai ta tsaya a bakin titi tana kallon hayaƙi.

Mubi kuwa ba baƙuwar tsari ba ce. Jamusawa sun zauna a nan tun 1903, Ingilishi suka karɓe ta a 1914, kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ita ce hedkwatar Lardin Sardauna. Cikin shekarun 1970 Gwamnatin Jihar Arewa Maso Gabas ta ɗauki kamfanin wani Bature masanin tsara birane, Max Lock, wanda ya yi wa Kaduna tsari a 1967, domin ya zana wa manyan garuruwan jihar taswira, har da Mubi. An kammala aikin wajen 1976, watau shekarar da aka raba jihar Mubi ta faɗa cikin Gongola. Abin da aka san Max Lock da shi tun daga ƙasarsu shi ne, ba ya zana layi sai ya aika mutane gida-gida sun tambayi jama'a yadda suke zaune da abin da ya dame su.

To, amma a lokacin da aka zana wannan taswira babu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka dawo da ita Mubi daga Yola a 1982. Babu Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002. Ɗalibai da malamai da ma'aikatan makarantun nan duk sai sun sami ɗakin kwana. Ƙidayar 2006 ta sami wajen mutum 280,000 a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu a haɗe. Sa'an nan ga abin da ya auku a ƙarshen watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka kame garin jama'a suka watse, aka ƙwato shi cikin watan Nuwamba. Da mutane suka komo, ba su kaɗai suka komo ba. Waɗanda aka kora daga Madagali da Michika da Gwoza da yawansu sun sami mafaka a Mubi, wasu kuma sun zauna ke nan. Rigar da aka ɗinka wa garin a 1976 ta daɗe da yi masa kaɗan.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan magana ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun Gwamna, amma a matsayin amana domin amfanin jama'a. Doka mai lamba 88 ta 1992 kan tsara birane ta ce a baje daftarin tsari a fili domin duk mai ƙorafi ya rubuto. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne. Ke nan nauyin yana wuyan Gwamnatin Adamawa da Hukumar Tsara Birane ta jihar, tare da ƙananan hukumomin biyu da suka raba garin a tsakaninsu.

Sai dai manna taswira a bangon ofis da bayani cikin Turanci ba shi ne shawara da jama'a ba. Mai sayar da hatsi a Kolere ba zai bar rumfarsa ya je ya rubuta takardar ƙorafi ba, ko da ya ji labarin. Shawara ta gaskiya ita ce ma'aikatan hukuma su zo ƙofar gidan mai unguwa ko jauro, su shimfiɗa taswirar a kan tabarma, a yi bayani da Hausa da Fulatanci, inda ya kama kuma da Gude ko Fali, sa'an nan a tashi a taka layin da ƙafa tare da dattawan wurin.

Batun ruwa kaɗai ya isa hujja. Mubi tana gindin duwatsun Mandara, kogin Yedzaram ya ratsa ta, ƙasarta kuma mai saurin zaizayewa ce. Idan ruwan watan Agusta ya sauko daga tudu, da ƙarfi yake zuwa. Mai awo da ya zo da rani, ya ga ƙasa a bushe, zai iya yanka fuloti a tsakiyar hanyar ruwa bai sani ba. Tsohon da ya shekara talatin yana noma wurin ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san inda kwazazzabo ya fara, ya san shekarar da kogi ya hau har ina ya kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar wannan tsoho ba ta cin ko kwabo, alhali kwalbatin da aka kafa a inda bai dace ba sai an sake kashe masa kuɗi, bayan ya riga ya juya ruwa cikin gidajen mutane. A zamanin Gwamna Muhammadu Jibrilla Bindow, ɗan garin, daga 2015 zuwa 2019, an shimfiɗa kwalta a tituna da dama cikin Mubi, kuma jama'a sun ji daɗi. Amma kwalta tana bin layin da ta tarar ne. Layin da aka matse tun farko, ba a faɗaɗa shi sai da rusau da biyan diyya da ɓacin rai.

Haka kuma kasuwar shanu, wadda ke jawo fatake daga Kamaru da Chadi, ana lodin manyan motoci zuwa Kudu kowane mako. Hanyar da shanu ke bi su shiga kasuwa, da inda manyan motoci za su tsaya, Sarkin Tike da direbobi da makiyaya sun fi kowane ma'aikacin ofis saninsu.

Akwai masu cewa taron jama'a ɓata lokaci ne, kuma masu baki da masu filaye su ne za su mamaye shi, kowa yana jan layi nesa da katangarsa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Idan aka tara magidanta masu gidan kansu kawai, to an ji rabin unguwa ne. Matan da ke ɗebo ruwa da kai yara asibiti su suka san layin da ba ya biyuwa da damina, kuma da yawansu ba za su yi magana a gaban maza ba, sai an yi musu nasu zaman. 'Yan haya da ɗalibai da waɗanda suka yi gudun hijira ba su da takardar fili, amma su ma ruwan yana shiga ɗakunansu. Samari kuwa, su ne za su nuna filin ƙwallon da ake shirin yankawa. A gari irin Mubi, inda Musulmi da Kirista da ƙabilu iri-iri suke zaune, kuma an sha wuya tare, filin ƙwallo da kasuwar unguwa suna cikin wuraren da 'ya'yan kowa ke haɗuwa, bai kamata a bar su a hannun dillalai ba. Maganin mamayar masu baki shi ne a rubuta abin da aka amince a kai, a karanta shi a bainar jama'a, a kafa turaku a iyakar titi da filin jama'a tun kafin a sayar da fuloti na farko.

An gwada irin wannan a wasu ƙasashe. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun daga 1980, Dokta Akhtar Hameed Khan ya sa mutanen kowane layi suka zaɓi shugabansu, suka tara kuɗi, suka gina magudanar layinsu da taimakon masu awo, aka bar wa hukuma manyan magudanai. Aikin gayya ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa, amma kada hukuma ta fake da shi ta sauke nata nauyin. Babbar magudana da gada da diyya nata ne.

Ma'aikatan ma suna nan a gida. Kwalejin Tarayya tana koyar da safiyo da tsara birane, Jami'ar Jiha tana da sashen nazarin labarin ƙasa. Ɗalibansu za su iya zaga sababbin unguwanni tare da masu unguwa, su auna layuka, su rubuta abin da mutane suka faɗa, su miƙa wa hukuma. Fadar Mai Martaba Sarkin Mubi kuma tana da hanyar umurtar hakimai da jauro-jauro kada su sa hannu a cinikin gonar da aka yanka ba tare da an bar titi da hanyar ruwa ba. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin biyu su zauna tare su fara da unguwannin bakin gari waɗanda ba a gama ginawa ba, kuma a yi zaman da kaka, lokacin da sawun ruwan damina yake nan a ƙasa kowa yana gani.