Mu Leƙa Duniya: Harshen da Ya Fi Ƙasarsa Girma

Masu karatu, a wannan wata za mu duba harshen mutanen Fotugal, wata 'yar ƙasa a ƙarshen yammacin Turai, maƙwabciyar Sifen. Mutanenta wajen miliyan 10 ne, amma masu jin harshensu a duniya sun fi miliyan 250. Ƙaƙa aka yi haka?

Asalinsa Latin ne, harshen Romawa, waɗanda suka shiga yankin a shekara ta 218 kafin haihuwar Almasihu. Daga shekara ta 711 kuma Larabawa suka mallaki yawancin ƙasar, suka bar musu kalmomi da dama. Sukarin da muke sa wa koko, su "açúcar" suke ce da shi. Da mu da su, duk wurin Larabawa muka aro.

Jiragen ruwa ne suka fitar da harshen waje. Wajen 1472 matuƙansu suka iso wani kogi cike da jatan lande, wanda suke kira "camarões". Daga nan Kamaru ta sami sunanta. Ikko ma su suka raɗa mata Legas, wato tafkuna. A 1482 suka gina ganuwar Elmina a ƙasar Gana ta yanzu, a 1500 kuma suka sauka Barazil, wadda yau ta fi kowace ƙasa yawan masu jin harshen. A Afirka shi ne harshen gwamnati a Angola, Mozambik, Gini Bisau, Kef Bade, da Sawo Tome.

Amma fa labarin da zafi. Jiragen nan sun kwashi bayi miliyoyi zuwa Barazil, har da Hausawa. A jihar Bahiya Hausawa suka shirya tawaye a 1807, aka kuma same su cikin babban tawayen 1835. Sai a 1888 aka hana bauta a can. Yau jikokinsu harshen Fotugal kaɗai suke ji, Hausa ta ɓace a bakinsu.

Su ƙwace musu aka yi da ƙarfi. Mu fa? Akwai gidajenmu a birane inda yara ba sa iya gai da kakanninsu da Hausa, ba kuwa wanda ya tilasta mana. Bari yaranmu su koyi harsunan duniya, wannan riba ce. Amma na gida, a gindin murhu ake koyonsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya kai mu wata mai zuwa.