Ɗakina yana bayan Kia, kuma ba Bature nake kwaikwaya ba

Tun ranar da na fito da motar nan daga Magazin na ajiye ta a bakin layinmu ban huta da tsiya ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da haɓa, ya leƙa ta taga ya ga katifa da fanka, sai ya ce, "Yaro, saura ka sayi gajeren wando da kyamara." 'Yan majalisa suka fashe da dariya. Har yau akwai masu kirana Baturen Zango. Shekara biyu ina ƙyale su. Amma a watan da ya wuce samari uku suka same ni ɗaya bayan ɗaya suna tambayar yadda na yi, biyu daga cikinsu har sun riga sun kwashi adashi, shi ya sa na ga gara in faɗi ra'ayina a fili, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ni ɗan koli ne. Takalma, yadi, darduma, butoci, turare, su nake ɗauka daga Kumasi in bi kasuwannin arewa: Techiman, Kintampo, Tamale, har Bolgatanga inda kasuwa ke ci duk bayan kwana uku. Kumasi zuwa Tamale wajen kilomita 380 ne, Tamale zuwa Bolga wajen 160. Zagaye ɗaya yakan ci mini kwana goma ko fiye. Wanda bai yi wannan sana'a ba bai san cewa kwana ne ke cinye riba ba. Ka kama ɗaki, kuɗi. Kayanka suna waje a mota, kai kana ciki kana barcin zomo, duk ƙarar da ka ji sai ka leƙo. Yaron motarka kuma yana ƙarƙashin mota a kan kwali, sauro na cinsa. Sau biyu ina mayar da shi gida da zazzaɓi.

Ra'ayina shi ne, ga mai yawo irin nawa, ɗakin kwana a bayan tsohuwar motar aiki abu ne mai ma'ana, kuma ba ya buƙatar kuɗin Alhaji. Amma da sharaɗi: motar ta zauna motar aiki, ɗakin ya zama baƙo a kanta. Duk wanda ya juya wannan lissafi zai yi asara, in ma bai yi abin da ya fi asara ba.

Masu cewa kwaikwayo ne, ban musa cewa a wurin Turawa na fara gani ba. Suna ratsowa ta ƙasar nan a cikin tsofaffin motocin soja da na 'yan kwana-kwana da suka mayar gida, za ka gan su a hanyar Mole da Larabanga, wani lokaci a Magazin in wani abu ya lalace. A Amurka kuma akwai wani akwati da ake zurawa a bayan a-kori-kura, in an dawo daga tafiya a sauke shi a kan ƙafafunsa, mota ta koma bakin aikinta. Wannan na biyun shi ya shiga raina. Amma jama'a, mu da muke zaune a unguwa mai suna Zango, wa zai koya mana kwana a hanya? Zango ai masaukin ayari ne. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro zuwa Salaga, inda madugu ya ce a sauka nan ake sauke wa jakuna kaya, a hura wuta, a kwana kusa da dukiya. Bayan yaƙin Salaga na 1892 ne da yawansu suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Ni dai jakina ne yake shan dizal.

To, maganar motar kanta, don a nan na fara cin ƙasa. Tawa Kia K2700 ce, irin wadda ta cika titunanmu. Na same ta da araha, na yi ta murna. Kafin ta zo hannuna fiya wata take ɗauka, kuma ga lissafin da ban yi ba sai da aski ya zo gaban goshi: leda ɗaya rabin lita ce, jaka guda leda 30, wato kilo 15. Motar da aka ƙera don tan ɗaya da ɗan abu, in aka jera mata jaka 150 ta ɗauki kilo 2,250 ke nan, kullum, shekara da shekaru, ga ruwa yana tsiyaya yana cin bodi ta ƙasa. Fenti ya rufe komai. Da Masta ya shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma, ya fito yana girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wannan ba tsufa ba ne, wahala ce." Sifirin na baya ya kwanta, birki ya cinye, lagireto na yoyo, katakon ƙasa ya ruɓe. Kashi biyu cikin uku na kuɗin da na ware don ɗaki a nan suka tafi. Na ji haushi a lokacin. Yau kuwa in saurayi ya zo mini da hoton kabad da tayil a waya, abin da nake fara tambayarsa shi ne, wane aiki motar ta yi kafin kai? In bulo ne ko yashi ko ruwa, ka ninka kuɗin gyara. In ka ga walda a jikin shasi, ka yi sallama ka tafi.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Na sa mai walda ya yi mini akwatin da zan iya tsayawa a ciki, da ƙarfe mai kauri, aka lulluɓe shi da filawud mai milimita 18. Falle ɗaya na irinsa yakan kai kilo 30, ni kuwa na sa kusan goma. Da muka kai shi sikelin masu sayen tsohon ƙarfe ya haura kilo 500, babu kaya, babu ruwa, babu mutum. Kusan rabin ƙarfin motar ya tafi a ɗakin da nake kwana awa shida a ciki. Ga tsawo. A tafiyar farko, a wata kwana kafin Kintampo, wata tirela ta wuce mu da gudu, na ji motar ta yi wani irin lilo har yarona ya fara salati da ƙarfi. Da muka dawo na sa aka yanke shi. Na yanzu zaune kawai ake yi a ciki, ƙarfensa siririn bututu mai kusurwa huɗu, filawud rabin kaurin na da, a tsakani kuma farin soso irin na kwalin firji don ya tare zafi, rufin an shafe shi da farin fenti. Nauyinsa bai kai rabin na farko ba. Gadon yana sama kamar shantali, kaya suna ƙasa, wato a kan jarina nake kwana. Sallah a waje nake yi a kan darduma, kamar kowane matafiyi.

Kuma ban yarda an like shi da walda a jikin mota ba. Noti takwas ne suka riƙe shi. Mutum huɗu za su sauke shi kafin shayi ya huce, motar ta tafi ɗaukar kujerun biki ko buhunan masara ta kawo kuɗin cefane. Mai mota ɗaya ba shi da halin ya ajiye ta tana jiran ranar tafiya. Akwai kuma maganar takarda. Wanda ya canza siffar mota dindindin sai ya je DVLA a gyara bayaninta, ya kuma sanar da masu inshora, in ba haka ba ranar da tsautsayi ya faɗa za a ce motar da ke takarda daban, wadda ke kan hanya daban. Motar kasuwa duk wata shida ake duba lafiyarta, kada a manta. Mai niyyar tsallaka Paga ya shiga Burkina Faso kuma ya nemi takardar inshorar da za ta yi aiki a can tun daga gida. Kuma ba a zama a cikin akwatin in mota na tafiya, ko yaro, ko matar gida. Ba a yi shi don haka ba.

Wuta ba ta da wuya kamar yadda ake zuzutawa. Batir mai 100Ah a kan volt 12 yana riƙe da wat 1,200 na awa guda, amma irin na dalma rabi kawai za ka ci in kana so ya daɗe, wato 600. Ƙaramar fanka mai wat 15 ta kwana awa takwas tana juyi, 120 ke nan. Ƙwan fitila biyu da cajin waya biyu ba za su kai 100 ba. Faifan sola ɗaya mai wat 100 ya mayar da wannan kafin la'asar. Abu ɗaya: kada ka ja daga batirin da ke tayar da mota, ka raba su, in ba so kake asuba ta same ka kana neman masu turi ba. Firji da talabijin, bar wa Bature. Ruwa galan biyu irin na Kufuor nake ɗauka, lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka kilo 50 ne wannan ma, a lissafa shi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan. Cikin hunturun bara, a wani gari bayan Tamale, sanyi ya sauko da dare irin wanda ke shiga ƙashi. Ni na tafi gaisuwar rasuwa, na ce zan yi dare. Yarona ya dafa shayi a kurfoti, ya ga garwashi ya yi ja babu hayaƙi, sai ya shiga da shi ciki ya rufe ƙofa da tagogi. Da na dawo wajen ƙarfe goma sha ɗaya na buga ƙofa, shiru. Na buɗe na same shi kwance, na ɗaga shi ya kasa tsayawa, ya yi amai, yana cewa kansa zai tsage. Wani direban tanka ya taimake ni muka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta ce da na ƙara awa ɗaya a wurin gaisuwar, da gaisuwa biyu za a yi. Ɗan yayata ne. Har yau in na tuna abin da zan je in faɗa mata sai gabana ya faɗi.

Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, kuma rashin hayaƙi ba ya nufin babu ita. Mai barci ba ya farkawa. A ɗaki na gida akwai ƙasan ƙofa da ramukan rufi, akwatin mota kuwa ƙarami ne kuma mu da kanmu muka toshe shi don sauro da ƙura. Laifina ne, don ban taɓa faɗa masa ba, kuma na gina ɗaki wanda ake iya rufe shi ruf. Washegarin dawowarmu na sa aka huda ramuka biyu da ba su da murfi, ɗaya ƙasa ɗaya sama, da ragar sauro. Tulun gas mai kilo 6 na mayar da shi wani ƙaramin akwati a waje mai huda a gindi, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Girki a waje, ko ana ruwa. Injin mota ko janareto ba ya kwana a kunne kusa da mai barci. Masu walda na Magazin, ku da kuka iya mayar da kowace gawa mota, in an kawo muku irin wannan aiki ku huda ramukan nan ko mai shi bai ce ba, ko da zai yi fushi.

Akwai kuma wata asara da ba ta shiga littafin ciniki, ita ce ta fi damuna a zancen Kawu in an cire tsiyar. A Bolga akwai dattijon da mahaifina ke sauka a gidansa tun kafin a haife ni. Zuwana na farko da motar na kwana a gidan mai, da safe na je gaishe shi. Ashe labari ya riga ni. Bai amsa gaisuwar sosai ba, sai ya ce, "Ɗana, gidan ne ya yi maka ƙunci, ko tuwon ne ba daɗi?" Na rasa ta cewa. Mai masauki a wurinmu ba gado kawai yake bayarwa ba. Shi ke tsaya maka in an ci bashinka, shi ke gaya maka wanda za ka ba kaya da wanda za ka guje wa, shi ke zuwa ofishin 'yan sanda in an riƙe ka. Akwati ba zai yi maka ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, kuskure ne." Yanzu a ƙofar gidansa nake ajiye motar, in ci tuwon gidan, in kai tsarabar goro, yarona ya kwana a mota ni in kwana a zaure. Amma a faɗi gaskiya, gidaje irin nasa sun ragu. Zangunanmu sun cika, ɗakin baƙi an ba ɗan haya, a garuruwa da yawa ba ni da kowa. A can ne akwatin ke aikinsa.

A daji dai ba na kwana, wannan na masu kyamara ne. Hanyar arewa da dare kowa ya san halinta. Gidan mai da ke da mai gadi, ko kusa da shingen 'yan sanda, ko harabar masallaci in na nemi izinin liman ko ladan. Ban da makewayi a motar, kuma ban ga dabarar da za ta sa in yi ba, saboda haka wurin kwana dole ya zama inda ake da shi. In ka yi amfani da ruwan masallaci ka saka wani abu a asusu, ka share inda ka tsaya. Mu 'yan kaɗan ne a wasu garuruwan, direba ɗaya ya ɓata wuri, goma za a kora.

Cikin samarin nan uku, ɗaya na ce masa ya bari. Tafiyarsa sau biyu ce a shekara, tamfol da gidan sauro da katifa sun ishe shi. Na biyu motar da yake so ta yi aikin bulo, na tura shi wurin Masta da tocila. Na ukun yana nan yana auna bayan motarsa da igiya.

Kawu kuwa shekaranjiya ya aiko a kira ni. Wai shi da abokansa biyu za su Maulidin Prang, kuma wurin kwana yana wuya a lokacin, ko motar tana da aiki a makon? Na ce masa, "Kawu, ba ta da shi, amma a gaba za ku zauna, kuma kurfoti a gida zai kwana." Ya ce in zo ranar Asabar mu yi maganar kuɗin mai.